Pisin ɗin wani otal a Maraɗi: ku je da safe, ku bar na la'asar

Jika biyu ake biya a shiga, an ba ka tawul, akwai wurin sauya kaya mai tsabta. Ruwan ma ba laifi, ƙasansa kake hange tar. Ciwon gwiwa ne ya raba ni da gudu, lokotoro ya ce in koma motsa jiki cikin ruwa, shi ne nake zuwa wannan otal da ke kusa da mu, ina tafiya da sassarfa a ɓangaren da ruwa ke kai mini ƙirji.

Abin da masu wurin ba su damu da shi ba, shi ne ya fi damuna: zafin ruwan. Babu rumfa, babu ma'auni. Na tambayi yaron da ke tsaron wurin, ya tsoma hannu ya ce, "Baba, daidai yake." To, daidai da me? Inda ake gasar iyo ta duniya, ƙa'ida ita ce digiri 25 zuwa 28. A Afrilu da Mayu kuwa, rana ta wuce 40 ta yini tana dukan pisin, kafin la'asar ruwa ya koma kamar wanda aka sirka wa mai jego.

Ina ɗaura bel ɗin Polar H10, mai auna bugun zuciya, a ƙirji. Bluetooth ba ya ratsa ruwa, don haka sai na fito na zauna a gefe nake aunawa da wayata. Ba yawan bugu kawai nake dubawa ba, har da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Lafiyayyar zuciya ba ta bugawa cif-cif, tazarar tana ɗan ƙaruwa tana raguwa, da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ake lissafinta. In bambancin ya yi yawa, jijiyar da ke kwantar da zuciya ce ke aiki, jiki ya huce. In ya tsuke, jiki na cikin fama.

Da safe, bayan ruwa ya kwana ya sha iska, bugun ba ya hawa sosai, kuma ina fita bambancin yake farfaɗowa. Dalili a fili yake. Nauyin ruwa yana tura jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, zuciya ta cika da kyau, ba sai ta yi gaggawa ba, sanyin da ke taɓa fuska kuma yana ƙara rage mata gudu. Da la'asar, aikin ɗaya ne amma jini ya tafi fata neman fitar da zafi, ruwan ɗumi kuwa ba ya karɓa yadda ya kamata. Bugu ya hau, bambanci ya tsuke, sai in zauna in yi ta jira bai dawo ba, in isa gida a galabaice. Kuma gumi kake yi ba ka sani ba, ka tafi da gorar ruwan sha.

Kada wani ya ɗauka ƙarin sanyi ƙarin lafiya ne. Da hunturu, a Janairu, na ga samari suna faɗawa da sassafe suna fitowa numfashi sama-sama. Sanyin farat ɗaya yana fizgar numfashi, ya ɗaga bugu da hawan jini. Mai ciwon zuciya ya fara ganin lokotoro, in an yarje masa ya shiga ta matakala a hankali.

Wurin ya ci kuɗinsa in za ka iso kafin ƙarfe tara. Na yi wa manaja maganar ma'auni da ɗan tanti ko a rabin pisin ne, ya ce za su duba.