Fim ɗin 'yan kwance bam da ya raba kan gidan kallo a Agege

Wanda yake neman fim ɗin yaƙi na harbe-harbe, inda jarumi ɗaya zai kakkaɓe runduna guda ya fito ko ƙwarzane babu, kada ya ɓata lokacinsa a kan The Hurt Locker. Ya haura awa biyu, kuma mafi yawansa jira ne. Mutum ɗaya ya durƙusa a kan bola yana tonon waya da yatsu, abokansa biyu suna auna tagogi da bakin bindiga. Duk da haka ban taɓa zama a gidan kallo na ji mutane sun yi tsit irin na ranar da aka haska shi ba, kuma musun da ya bari a bayansa har yanzu bai mutu ba a teburin mai shayin layinmu. Tsohon fim ne, na 2008. Mai gidan kallonmu a Agege ya sa shi ne a daren da babu ƙwallo, don kada bencina su kwana babu kowa.

Mace ce ta ba da umarni, Kathryn Bigelow. Wanda ya rubuta labarin, Mark Boal, ɗan jarida ne da ya zauna da 'yan kwance bam na sojan Amurka a Iraƙi a 2004, kuma a shekarar aka kafa labarin, a Bagadaza, kodayake a ƙasar Jodan aka ɗauki fim ɗin. A 2010 ya lashe kyautar Oscar guda 6, har da ta fim mafi kyau, Bigelow kuma ta zama mace ta farko da ta karɓi ta ba da umarni.

Sojoji uku ne, saura musu kwana 38 su gama zangonsu. Tun farawa, amalanken da na'urarsu, wadda suke turawa wurin bam daga nesa, take ja ya balle, dole shugabansu ya sa ƙatuwar rigar kariya ya taka da ƙafa. Yana dawowa sai wani mutum a bakin shagon nama ya fito da wayar salula. Ƙaramin sojan, Eldridge, ya gan shi, ya yi ta ihu ya ajiye wayar, bai harba ba, mutumin ya danna. A bencin gabana akwai mahauta daga abbatuwar Oko-Oba, ɗayansu ya ce da ƙarfi, "Kai, mahauci kuma?" Aka ɗan yi dariya, amma da ƙura ta lafa aka ga jini ya wanke gilashin hular shugaban nasu daga ciki, dariyar ta ɗauke.

Fim ɗin ya nuna yadda irin wannan bam yake ba tare da ya tsaya yin lacca ba. Tsofaffin harsasan igwa ne ake binnewa a cikin shara ko a cusa a but ɗin mota, a haɗa su da waya, mai tayarwa kuma yana nan kusa yana kallo. Shi ya sa duk mai riƙe da salula a kan bene abin tsoro ne. Wani bawan Allah ɗan Maiduguri, mai sayar da agogo a Oshodi, ya ce da mu shi ba sai an yi masa bayani ba, yana gida a 2013 lokacin da aka yanke layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa bayan an kafa dokar ta-ɓaci.

Daga zuwan sabon shugaba, Saja William James, wanda Jeremy Renner ya fito a matsayinsa, gidan kallo ya rabu biyu. James ba ya jiran na'ura. Yana zuwa zai sa riga ya nufi wurin, har hayaƙi yake jefawa da zai hana nasa mutanen ganinsa. Akwai inda ya kama wata waya ya ja, sai ga harsasan igwa suna tasowa daga ƙasa sun kewaye shi ta kowane gefe. Nan samari suka miƙe tsaye. Da ya buɗe but ɗin wata mota ya ga abin da ke ciki, ya tuɓe rigar kariyar don ya san ba za ta hana komai ba, ya cire abin kunnen da ake masa magana ya yar, sai tafi ya ɓarke, ana "namiji, wallahi namiji!" Da wani kanar ya tambaye shi bam nawa ya kwance ya ce 873, wani yaro a bayana har fito ya yi.

Akwai wani dattijo, tsohon soja da ya yi aiki da rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG a Laberiya, yanzu yana gadi a Ikeja, duk layin Baba muke ce masa. Shi bai tafa ba. Da aka ɗauke wuta ana jiran janareto ya kama, ya juyo ya ce, "Yarana, wannan da kuke wa tafi, da a ƙarƙashina yake, gadurum zai kwana. Wanda ya san aiki shi ne wancan baƙin." Yana nufin Saja Sanborn, wanda Anthony Mackie ya fito, mai nacin a bi ƙa'ida, wanda ya kai wa James naushi bayan maganar motar. Wani saurayi ya ce, "Haba Baba, ai shi ya kwance bam ɗin." Baba ya ce ya kwance, amma duk mintin da ya ƙara a wurin, wuyan mutum biyu ne ya miƙa wa maharbi. Ya ce a aikin nan ba a neman suna, idan ana iya fasa abu daga nesa, daga nesa ake fasa shi.

Ina bayan Baba a nan, kuma ba shi kaɗai ya faɗa ba. Tsofaffin sojojin Amurka da suka yi Iraƙi sun soki fim ɗin a kan wannan: mutum uku suna yawo su kaɗai babu rakiya, 'yan kwance bam sun koma maharba a hamada, saja ya fice daga bariki da dare shi kaɗai ya dawo. Inda na bambanta da shi kawai, ina ganin fim ɗin ya san James ba lafiya gare shi ba. Tun a rubutun farko an ce yaƙi ƙwaya ne. Mutumin da yake tara guntayen bama-baman da suka kusa kashe shi a akwati ƙarƙashin gado, zoben aurensa ma a ciki, ba yabonsa ake ba. Kuma gangancinsa ne ya ja su cikin lungu da dare har harsashinsa ya farfasa ƙafar Eldridge. Samarin da suka yi tafi ba su ce uffan ba a wurin.

Mutumin Legas ba a fim ya fara jin ƙarar bam ba. Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi suna faɗawa unguwanni. Mutane suka fantsama da gudu, ɗaruruwa suka afka cikin kwatamin Oke-Afa da ciyawar ruwa ta rufe, an ɗauka tudu ne. Sama da mutum 1,000 suka rasu, da yawansu yara. Agege ba nisa, manyan layinmu duk sun ji daren da kunnensu. Har a 2023 sojoji sun sake shiga wurin suna kwashe ragowar bama-baman da ba su fashe ba. Mutanen da suka yi wannan aikin suna nan cikin garin nan, muna shiga danfo ɗaya da su, ba mu san fuskarsu ba. Wani ya tuno da ɗan sandan sashen kwance bam da ya rasu a Unguwar Sarki a Kaduna a 2012, yana leƙa wata leda da aka ajiye, babu rigar kariya a jikinsa. Allah ya sa mu cika da kyau.

Babban abin da ya tsaya mini a rai game da fim ɗin shi ne 'yan Iraƙi. Ƙasarsu ce, titunansu ne ake fasawa, amma kusan dukkansu fuskoki ne kawai a kan bene da bakin hasumiyar masallaci, suna kallo, ba a san abin da ke ransu ba. Kyamara tana ganinsu yadda soja mai tsoro yake ganinsu, kowa abin zargi. Na san da gangan aka yi, don mu ji abin da sojan yake ji. To amma mu da ke zaune a bencin, da wa muka fi kama? Da mai tasin nan da aka ɗora wa bindiga a goshi, da mai shago, da mai tallan kaset. Duk ɗan Arewa da ya taɓa sauka daga mota a shingen bincike ya ɗaga hannu sama, ko ya tura babur da ƙafa har ya wuce sojoji, ya san ta wane gefen bindigar yake tsaye. Ba a taɓa tambaya a fim ɗin me ya kawo sojan Amurka Bagadaza tun 2003 ba. Wanda aka fi ba suna da baki shi ne wani yaro mai tallan faifan fim da ake kira Beckham, shi ma don a nuna mana zuciyar James ne.

Wuri ɗaya ne suka ba ɗan ƙasar haƙƙinsa, kuma nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi. An tilasta wa wani magidanci rigar bam, an ɗaure ta da ƙarfe da kwaɗo ba ɗaya ba, agogo yana tafiya. Ya zo tsakar fili da hannu a sama yana roƙo, yana cewa yana da iyali. James ya yanke abin da zai iya, ya ga lokaci ba zai kai ba, ya dube shi ido cikin ido ya ba shi haƙuri, ya juya da gudu. Mutumin ya ɗaga kai sama yana addu'a. A gidan kallon babu wanda ya kalli James. Sai salati kawai kake ji ta ko'ina, ɗan Maidugurin nan kuma ya tashi ya fita, bai dawo ba sai da aka canza wuri.

Ƙarshen bai gamsar da samari ba. James ya koma gida, ga mata ga ɗa, ya tsaya a kanti gaban jerin kwalayen abinci ya rasa wanda zai ɗauka, sai kuma ga shi ya sauko daga jirgi, sabon zango na kwana 365. Wasu suka ce an cuce su, ina bos, ina faɗan ƙarshe? Baba ya ce ya san irinsu a bariki, waɗanda gida ba ya zaunar da su, kuma matansu ne suka fi shan wahala.

Wanda zai kalla ya nemi inda sauti yake da kyau, kada ya kalla a waya, domin rabin fim ɗin numfashin mutum ne a cikin hula da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalmi. Lasifikar gidan kallonmu ɗaya tana kaɗawa, ta ci mana wasu maganganun. Turancin sojoji ne mai sauri, cike da ashar, wanda muka kalla kuma babu fassarar Hausa, sai wani ɗalibi ya riƙa yi wa na kusa da shi bayani. Kyamarar tana rawa sosai, mai saurin jiri ya zauna baya. Kada a shigo da yara, akwai wurin da aka ɗinke bam a cikin gawar yaro, kuma an nuna shi ƙuru-ƙuru. Wanda ya rasa nasa a irin wannan hanya, a gaya masa abin da ke ciki tun kafin ya biya kuɗin shiga.