Masu kiwon ragunan layya a Kumasi, ku yi hattara da mai "allurar ƙiba"

Jama'ar Aboabo, Asawase da Sabon Zongo, salamu alaikum. Akwai wani mutum da ke shiga zaurukan WhatsApp na masu kiwo yana tallar wasu 'yan kwalabe da ya sa wa suna allurar ƙiba. Wai a yi wa rago sau uku, kafin Babbar Sallah ya zama maraƙi. Kuɗi ta MoMo, wato turawa ta waya, kaya kuma mai pragya (babur mai ƙafa uku) ne zai kawo maka. Ba ya da shago, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Kawuna ya saya. Kwalbar ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa, ba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, sai "selenite" (silinait, wani haɗi mai ɗauke da sinadarin siliniyam) da aka rubuta da alƙalami a jikin farar takarda. Da hantsi ya yi wa ragunansa uku allurar, bayan la'asar ya kira ni: "Ɗana, maza ka zo, ragunan nan ba lafiya." Na tarar da su suna haki, kumfa na fita a hanci, bakinsu na warin tafarnuwa. Biyu ba su ga asuba ba. Likitan dabbobin da muka kira ya duba kwalbar, ya ce alamun sun yi daidai da gubar siliniyam, kuma ba ta da makari, sai dai a tallafa wa dabba a ga ko za ta tashi. Na ukun ya tashi, amma har yanzu bai koma cin dusa yadda ya saba ba.

Abin da ke sa mutane faɗawa tarkon shi ne, maganarsa da ƙamshin gaskiya. Siliniyam sinadari ne da jikin dabba ke buƙata, tun 1957 aka gano haka a gwajin ɓeraye. Idan ya yi ƙaranci, 'yan raguna da maruƙa kan kamu da ciwon da ke sa tsokarsu ta yi fari-fari, su kasa miƙewa. Don haka ne likitoci ke ba da shi haɗe da bitamin E. Amma fa magani ne na cike giɓi, ba ya ƙara wa lafiyayyen rago ko tsoka ɗaya. Kuma tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kashewa tazarar kaɗan ce ƙwarai. A Amurka, abin da doka ta yarda a ƙara a abincin dabbobi bai wuce miligiram 0.3 a kilo guda na abincin ba. A can ɗin ne ma, a jihar Fulorida, dawakan wasan folo 21 suka mutu a 2009 saboda an kuskure awon siliniyam a haɗin allurarsu. Masu ma'auni da ɗakin haɗa magani ke nan, balle wanda ke damawa a bayan gida.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne muryar da yake turawa yana cewa "an gwada shi a ɗakin bincike a kan ɓeraye". Ƙwarai an gwada. Masu binciken ido sukan yi wa jariran ɓeraye allurar silinait sau ɗaya tak, cikin 'yan kwanaki yanar ido ta rufe musu gani, sannan su gwada magunguna a kanta. Wato da shi ake jawo ciwon da gangan. Wannan ɓangaren bai faɗa muku ba.

Da kawu ya neme shi, cewa ya yi dama ragunan da ciwonsu, daga nan layi ya daina shiga. Na ji ya dawo da sabuwar lamba, har da tallar gari na zubawa a ruwan kaji.

Wanda duk ke da kwalbar nan kada ya yi amfani da ita, kada ya zubar a kwata, kada ya bar ta inda yara za su kai hannu. A kai ta ofishin likitocin dabbobi na gwamnati ko na FDA, tare da hoton saƙonnin da shaidar biyan MoMo. Dabbar da aka riga aka yi wa allurar kuma kada a yanka ta don ci sai likita ya gan ta.