Sharhi: gilez mai haske na HF-9 a kan zanen andagilez, da wanda ake haɗawa da hannu a nan Jos

Duk wanda ya zana ado a jikin kofi ko faranti da andagilez, wato launin da ake zane da shi a jikin yumɓu, abin da yake nema daga gilez, ruwan da ake shafawa a kai ya narke a wuta ya zama kamar gilas ya rufe shi, ɗaya ne: ya fito garau, launi ya tsaya inda aka ajiye shi, ya kuma fito yadda aka zana shi. Da wannan ma'auni na auna kaya biyu da nake aiki da su a Jos: HF-9 na kamfanin Amaco, wanda ake sayarwa a dame cikin roba, da wani haɗi na sinadarai biyar, kowanne kashi ashirin, da ake damawa da hannu a bokiti. Andagilez ɗin da na zana da shi Velvet ne, shi ma na Amaco, a kan farin yumɓu mai jure wuta, an gasa a tanderun gas zuwa kon 6, wato kusan digiri 1220 na ma'aunin Salshiyas. Kon ɗan ma'aunin zafi ne mai tsini da ake ajiyewa cikin tanderu, yana kwantawa idan wuta ta kai matakinsa.

Hukuncina shi ne HF-9 ya cancanci kuɗinsa ga mai zane da kore da ruwan hoda, amma da sharaɗin a shafa shi siriri. Wanda ya lafta shi zai buɗe tanderu ya tarar da hazo.

Dalilin da ya sa nake fifita shi yana rubuce a jikin robar: babu zink a ciki. Gilez masu haske da dama ana zuba musu zink domin ya taimaka wajen narkewa da sheƙi. To amma zink ba ya shiri da kurom, kuma kurom ne ke ba da mafi yawan koren da ke cikin andagilez. Idan suka haɗu a wuta, koren ganye sai ya koma ruwan ƙasa mai datti. Ruwan hoda da ja mai duhu da ake yi da kurom da kuza su ma haka, sai su koɗe ko su ɓace gaba ɗaya. Har baƙi yana iya komawa ruwan ƙasa, domin baƙin andagilez galibi haɗi ne na ƙarfe da kobal da kurom. A ƙarƙashin HF-9 koren ya tsaya kore, baƙin ya fito wuluk, ruwan hoda ya ɗan yi sanyi amma bai gudu ba. Ja da ruwan lemo na zamani, waɗanda aka kulle kadmiyam ɗinsu cikin zirkon, ba su cika damuwa da wane gilez ke kansu ba, don haka kada a auna gilez da su. A auna shi da kore.

Abu na biyu shi ne HF-9 ba ya kwarara sosai. Gilez mai saurin malala yana jan launi ya tafi da shi, musamman shuɗin kobal, wanda ke narkewa cikin gilez cikin sauƙi. Siririn layin da aka ja a bakin kofi sai a ga ya yi gemu zuwa ƙasa. Da HF-9 a jikin kofi tsaye, layin shuɗi ya ɗan yi laushi a gefensa, amma rubutu da ƙananan zane sun karantu. A cikin faranti kuwa babu ko motsi.

Inda yake ba da wahala shi ne kauri. An dama shi ne domin buroshi, akwai danƙo a ciki da ke hana shi saurin bushewa, kuma hannu yana son ya ƙara shafi na uku saboda sabo da sauran gilez masu launi. A kan andagilez shafi biyu sun isa, na farko a kwance, na biyu a tsaye, da buroshi mai faɗi mai laushi, a bar na farko ya daina sheƙin jiƙa kafin a ɗora na biyu. Bayan ya bushe, a karce da allura a gindin tayil ɗin gwaji a duba: kaurinsa kada ya kai na katin ATM, kusan rabin milimita ya wadatar. Wurin da ya taru, kamar ƙasan kofi daga ciki da mahaɗar hannu, nan ne yake yin fari-fari mai ɗan shuɗi. Abu biyu ke kawo haka. Akwai ƙananan kumfar iska da suka kasa fita daga gilez mai kauri, akwai kuma boron da kalsiyam da ke yin hazo idan gilez ya yi kauri ya kuma huce a hankali. A kan farin yumɓu ba a cika lura ba. A kan baƙin andagilez kuwa nan take ido zai kama shi, baƙin ya koma toka-toka.

Yadda aka shirya andagilez ɗin kansa ya fi rabin aikin. Velvet yana son shafi uku idan ana so ya rufe yumɓu ruf, shafi ɗaya kuma idan ana son launi mai ruwa-ruwa da ake ganin tafiyar buroshi. Hanyar da ta fi ba ni sakamako mai tsabta ita ce a zana a kan ɗanyen kaya da ya bushe ko ya kusa bushewa, a yi gashin farko zuwa kon 04, kusan digiri 1060, sannan a shafa gilez. Wutar farko ta riga ta kafe launin, buroshi ba zai ja shi ba, kuma iskar da andagilez ke fitarwa ta riga ta fita. Wanda ya zana a kan kayan da aka riga aka yi wa gashin farko, ya bar shi ya kwana, sannan shafin gilez na farko ya zama dangwalawa da soso ko buroshi cike da ruwa, wucewa ɗaya tak ba tare da komawa ba. Komawa sau biyu a wuri ɗaya ke jawo baƙi ya shiga cikin fari.

Akwai wani abu da sababbin hannu ba sa lura da shi. Wurin da andagilez ya yi kauri ba ya shan ruwa kamar tsiraicin yumɓu, domin launin ya toshe ƙofofin jikinsa. Saboda haka gilez yana kamawa da kauri a farin wuri, ya yi siriri a kan zane, kuma a kan zanen ne yake jinkirin bushewa. Idan aka gaggauta shafi na biyu a nan, na farko zai ɗago. Bayan gashi sai a ga gilez ya janye ya bar zane a bushe, da kaushi kamar ba a shafa komai ba.

Yanayin Jos yana da hannu a nan. Da hunturu ƙura tana sauka a kan kayan da aka yi wa gashin farko cikin yini ɗaya, kuma gilez ba ya kama ƙura. Shi ne babban dalilin janyewa a watannin Disamba da Janairu. A goge kowane kaya da soso mai ɗan laima, a bar shi ya sha iska na minti goma, a kuma guji taɓa shi da hannun da aka shafa wa mai, wanda kowa ke yi a lokacin sanyi. Robar HF-9 ma tana yin kauri idan aka bar ta a buɗe a wannan iska, sai an riƙa ɗiga ruwa kaɗan ana motsawa. Da damina kuma, a Yuli da Agusta, matsalar ta juye: kaya ya yi kamar ya bushe alhali cikinsa da laima. A ba shi kwana ɗaya cikakke kafin a loda, a kuma fara da ƙaramar wuta.

Tsadarsa ce ta sa na juya ga bokiti. HF-9 daga Amurka ake kawo shi, ƙaramar robar ba ta kai rabin lita ba, mililita 473 ce, kuma farashinsa yana bin dala. Ga mai yin kofuna da dozin-dozin, shafa buroshi ɓata lokaci ne. Haɗin da magina da yawa suka sani daga Tony Hansen na ƙasar Kanada kashi biyar ne daidai wa daida: wolastonait 20, firit (garin gilas da aka narkar aka niƙa) mai lamba 3134 kashi 20, felsfa 20, silika 20, farar ƙasa (kawolin) 20. Shi ma babu zink, ga kalsiyam mai yawa, wanda ruwan hoda na kurom da kuza ke so. A gwajin da na yi, ruwan hoda ya fi fitowa da rai a ƙarƙashinsa fiye da HF-9. Farar ƙasa ba sai an je nesa ba, Filato tana da ita, haka Kankara a Katsina da Alkaleri a Bauchi. Sai dai a wanke ta a tace, domin yashi da ƙarfen da ke ciki suna sa gilez ya yi ɗan rawaya. Firit ɗin ne dole sai an shigo da shi.

Wajen damawa, kilo ɗaya na gari yana ɗaukar kusan lita ɗaya ta ruwa. A zuba garin cikin ruwa, ba ruwa cikin gari ba, a bar shi ya jiƙa ya kwana, a tace sau biyu da rariya mai lamba 80. A sa takunkumin hanci na gaske lokacin auna gari, ƙurar silika tana lalata huhu. Kada a auna kauri da yatsa. A ɗebi mililita 100 da sirinji, a ɗora a sikeli: nauyin ya faɗa tsakanin giram 140 da 145. Ya wuce haka, a ƙara ruwa. Tsomawa ɗaya ta daƙiƙa biyu zuwa uku, a ciro a karkace, a girgiza ɗigon da ya rage. Tsomawa tana da wata fa'ida a kan buroshi, ba ta goge zane ko da ba a kafe shi da wuta ba. Idan garin yana zaunawa a gindin bokiti ya daskare, a narkar da gishirin Epsom a ruwan zafi a ɗiga kaɗan-kaɗan har ruwan ya riƙe kansa. Mai son shafawa da buroshi zai iya ɗibar kaɗan ya zuba ruwan ƙaro, amma ya haɗa iya na kwana biyu, domin ƙaro yana tsami.

Aibin wannan haɗin biyu ne. Ya fi HF-9 saurin hazo idan ya yi kauri, kuma a kan wasu yumɓu yana tsattsagewa, wasu siraran layuka da wani lokaci ba sa bayyana sai bayan mako. Wannan yana faruwa ne idan gilez ya fi yumɓu ƙanƙancewa wajen hucewa. Maganinsa a ƙara silika kashi biyar, a gasa gwaji, a sake ƙarawa idan bai daina ba, har zuwa inda sheƙi ya fara raguwa. HF-9 ma ba ya tsira daga wannan idan yumɓun bai nuna ba a kon 6. Yumɓun da ke buƙatar kon 10, irin wutar da aka yi aiki da ita a cibiyar da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, idan aka tsaya da shi a kon 6 zai riƙa shan ruwa, gilez kuma ya tsage daga baya. Jan yumɓun tukwanenmu na gargajiya kuwa akasin haka ne, da yawansa kumbura yake yi ko ya lanƙwashe a wannan zafin. Shi sai gilez na ƙaramar wuta irin LG-10 na Amaco, a kon 05, kuma a shimfiɗa farin andagilez ko farin ruwan yumɓu kafin zane, in ba haka ba jan ƙasa zai cinye launi.

Masu tanderun gas su kula da iska. An yi waɗannan launuka ne domin wuta mai wadatar iska, irin ta tanderun lantarki. Da an toshe bututun hayaƙi fiye da kima har harshen wuta ya fara leƙowa ta ramin dubawa, ruwan hoda zai tafi, rawaya ta dushe, sai a ɗora laifin a kan gilez alhali ba nasa ba ne. Jos tana kan tudu kusan mita 1200, iskarta ba ta kai ta Legas nauyi ba, don haka bakin iska na kan gas ɗin da ke fitar da wuta yana son a ɗan ƙara buɗe shi. A gashin farko a tafi a hankali tsakanin digiri 600 da 900 domin dattin yumɓu ya ƙone ya fita, shi ne ke rage ramukan allura a gilez. A gashi na biyu, bayan kon 6 ya kwanta, a sauke zafi da kusan digiri 55 a riƙe na minti 20 zuwa 30. Kumfa na fashewa ta rufe a wannan lokacin, kuma bambancin a kan baƙi a bayyane yake. Kuma a dogara da kon ɗin da aka ajiye a kan shelf, ba lambar da mita ke nunawa ba.

Kayan da za a ci abinci a ciki sai an gwada su. A ɗora yankan lemun tsami a kan gilez ya kwana, idan wurin ya dushe ko launi ya canja, wannan ba na abinci ba ne. A dumama kofi a tanda zuwa digiri 150, a tsoma cikin ruwan ƙanƙara, a shafa tawada a goge, duk tsagar da ke ɓoye za ta fito baƙa. HF-9 ya wuce duka biyu a kan farin yumɓuna, haɗin bokiti sai da aka ƙara masa silika. Kada kuma arha ta ja kowa zuwa garin gilez marar suna da ke narkewa da ƙaramar wuta, ko dalmar tsohon batir. Sheƙinsa na da kyau, amma abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya isa hujja.

Ga mai zane mai laushi a kan kaya kaɗan, musamman da kore da baƙi, ya sayi HF-9 ya yi shafi biyu. Mai yin kaya da yawa ya dama nasa, ya rubuta nauyin ruwan a jikin bokiti. Ko wanne aka zaɓa, kafin a taɓa kayan sayarwa a yanka tayil mai tsayuwa daga yumɓun da ake aiki da shi, a ja layin kowane launi a kwance, a shafa gilez shafi ɗaya a hagu, biyu a tsakiya, uku a dama, a bar wani gefe tsirara, a rubuta lamba a bayansa da fensirin andagilez, a gasa ɗaya a shelf na sama ɗaya a na ƙasa.