Na biya kuɗin PFF don in san wa zai samu gurbi a 49ers: ga abin da ya amfane ni

Daga watan Fabrairu da ake buga Super Bowl, wasan ƙarshe na kaka, har zuwa farkon Satumba, mai goyon bayan ƙungiya a NFL, gasar ƙwallon Amurka da ake jifa da hannu, ba shi da wasan gaske ko ɗaya da zai kalla, amma gardama ba ta yankewa. Ƙungiya tana shiga sansanin atisaye a ƙarshen Yuli da 'yan wasa har 90, kafin Agusta ya ƙare dole ta rage su zuwa 53. Wasu daga cikin waɗanda aka sallama za su dawo rukunin 'yan atisaye mai mutum 16, saura kuwa sai dai su jira waya. Tambayar da ke bakin kowa ita ce: wa zai tsira, wa kuma zai fara wasa a sahun farko? Ni San Francisco 49ers nake bi, kuma saboda wannan tambayar na yi rijista da PFF, shafin da ya yi suna wajen bai wa kowane ɗan wasa maki.

Ga wanda bai san su ba, wani ɗan Ingila mai suna Neil Hornsby ne ya kafa Pro Football Focus, wato PFF, sannan a 2014 Cris Collinsworth, tsohon ɗan wasan Cincinnati Bengals da ke sharhin wasan daren Lahadi a tashar NBC, ya sayi mafi yawan hannun jarin kamfanin. Aikinsu shi ne su zaunar da masu nazari su kalli bidiyon kowane wasa, su auna kowane ɗan wasa a kowane tashin ƙwallo, daga -2 zuwa +2. Daga baya a mayar da jimillar zuwa maki tsakanin 0 da 100, inda 60 ke nufin mutum bai yi abin yabo ba, bai kuma yi abin zargi ba. Idan ka buɗe shafin ƙungiyarka za ka ga sunaye da lambobi masu launi, shuɗi da kore ga waɗanda suka yi ƙoƙari, ja ga waɗanda suka kwafsa. Akwai na'urar gwajin zaɓen sabbin 'yan wasa, wato zaɓen yaran jami'a da ƙungiyoyi ke yi zagaye-zagaye, akwai kayan masu wasan haɗa ƙungiyar mafarki, akwai na 'yan caca. Waɗannan biyun na ƙarshe ban taɓa leƙa su ba, don ba su suka kawo ni ba.

Inda suka fi burge ni shi ne makinsu ba ya bin sakamako, aikin da mutum ya yi yake bi. Misalin da ba na mantawa da shi na watan Agustan 2023 ne, wasan share fage na farko da Raiders a Las Vegas. Lokacin ana takara tsakanin Trey Lance da Sam Darnold kan wa zai zama kwatabak (mai jifar ƙwallo da ke jagorantar hari) na biyu a bayan Brock Purdy. Wanda ya duba alƙaluman da aka saba kawai zai ce Lance ya taka rawar gani: jifa 15, 10 sun shiga hannu, yadi 112, tacdawun (kai ƙwallo yankin ci) ɗaya, ba a ƙwace masa ko ɗaya ba. To amma wannan tacdawun ɗin, ƙwallon kai tsaye ta nufi hannun mai tsaron bayan Raiders, ta suɓuce masa, ta yi tsalle ta faɗa hannun Ross Dwelley a cikin yankin ci. Ga kuma kayar da shi da aka yi sau huɗu yana riƙe da ƙwallo yana dube-dube. A tsarin PFF irin wannan jifar laifi ce a kan mai jifar, ko da ta zama maki a allo, domin abin da ya kamata ya faru shi ne a ƙwace ta. Kwanaki kaɗan bayan haka koci Kyle Shanahan ya bai wa Darnold gurbin, aka miƙa Lance ga Dallas Cowboys a kan zaɓen zagaye na huɗu kacal. Mutumin da 49ers suka sadaukar da zaɓen zagayen farko har uku don su ɗauke shi a matsayi na 3 a 2021 ke nan. A irin wannan ranar idon PFF ya fi kusa da na koci fiye da takardar alƙaluma.

Amfani na biyu yana wurin 'yan layin gaba, ƙattin nan biyar da ke kare kwatabak. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, ba ruwanta da gad ɗin dama, ɗaya daga cikin biyar ɗin, sai ranar da aka ratsa ta gefensa aka tumurmusa kwatabak. Su ba su da yadi, ba su da tacdawun, ba su da wani adadi da za ka riƙe. PFF tana ƙirga sau nawa aka matsa wa kwatabak ta ɓangaren mutum, sau nawa aka doke shi, sau nawa aka kayar, ta kuma raba makin kare jifa da na buɗe hanyar gudu. A 2024 gurbin gad na dama ya zama abin takara bayan rauni ya kama Spencer Burford da Jon Feliciano a sansani, sai Dominick Puni, yaron da aka ɗauko daga jami'ar Kansas a zagaye na uku, ya shiga. Da ido kawai ba zan iya gaya maka ko yaron yana riƙe wurin ba ne ko kuwa na kusa da shi ne ke rufa masa asiri. Lambobin PFF na watan Agusta su suka sa na fara mayar da bidiyo baya ina kallonsa shi kaɗai, na ga yadda yake dasa ƙafafu, da yadda yake miƙa wanda ya tare ga na gefensa idan masu kai hari sun sauya hanya. Shi ya riƙe gurbin har ƙarshen kakar.

Amma in ka tambaye ni wane shafi na fi buɗewa a watan Agusta, ba na maki ba ne. Na ƙirgen tashin ƙwallo ne: sau nawa kowa ya shiga fili, kuma a ina ya tsaya. Koci zai fito gaban 'yan jarida ya ce ƙofa a buɗe take ga kowa, takara ake yi. Wannan magana ce ta fatar baki. Gaskiyar tana cikin wanda ya fara wasa, wanda aka cire bayan hari biyu aka ba shi hula ya zauna, da wanda aka bari yana haki har kwata na huɗu. A wasan share fage, yawan wasa sau da yawa alamar rashin tabbas ne. Wanda aka hana shi sa kaya gaba ɗaya, shi ne gurbinsa ya tabbata, ana tsoron kada ya ji ciwo. Sannan PFF tana nuna wanda ake sakawa a rukunin bugun ƙwallo, wato masu rugawa su tare mai dawo da ita. Lainbaka (mai tsaron tsakiya) na biyar ko mai cafke jifa na shida, a nan yake samun abincinsa, kuma gurabe na ƙarshe a cikin 53 kusan kullum ta nan ake raba su. Wannan shafin shi kaɗai ya kusan biya min kuɗina.

To, sai mu zo inda maki ke yaudarar mutum, kuma a lokacin hutun kaka ne ya fi yin haka.

Tun 2021 da aka mayar da kaka wasa 17, wasannin share fage sun koma uku ga yawancin ƙungiyoyi, kuma manyan 'yan wasa ba sa buga abin kirki a cikinsu. Yaro zai shiga sau goma sha wani abu a kwata na huɗu, ya yi galaba a kan wani da za a sallama ranar Talata mai zuwa, ya fito da maki 90 shuɗi shar. Washegari magoya baya sun ɗauki hoton lambar suna yaɗawa, wai koci ba shi da ido. Makin bai gaya maka da wa aka kara ba. Kamar mai auna nauyin buhu ne da ɗanɗana ƙwaya ɗaya. Ba ƙarya lambar ta yi ba, abin da aka ɗora mata ne ya fi ƙarfinta.

Abu na biyu ya fi wannan girma. Mafi yawan takarar gurbi ba a filin wasa ake yanke ta ba, a filin atisaye ne da ke Santa Clara, da kuma atisayen haɗin gwiwa da ake yi da wata ƙungiya kafin a kara, inda 'yan sahun farko ke gwabzawa da junansu da gaske. PFF wasanni take aunawa. Duk abin da ya faru a atisaye da ɗakin taro, wa ya haddace littafin dabaru, wa yake maimaita kuskure ɗaya, ba ya shiga lambarta. Akwai kuma tsohon ƙorafin da 'yan wasa irin su J.J. Watt suka sha yi a bainar jama'a: mai nazari ba ya cikin da'irar da aka kira dabarar, don haka wani lokacin zato yake yi kan aikin da aka ɗora wa kowa. Idan mai tsaron gefe ya saki mutum ya wuce, shi ya yi sake ko kuwa na bayansa ne bai zo da wuri ba? Masu dogon tunani za su tuna 2015, daren da Aaron Rodgers ya jefa tacdawun biyar a kan Kansas City amma PFF ta ba shi maki ƙasa da sifili a tsohon ma'auninta, aka yi ta cece-ku-ce. Ni ina ganin hujjarsu ta wancan daren tana da ƙafa, tunda yawancin aikin masu cafkewa ne suka yi bayan ƙwallo ta shiga hannu. Sai dai abin ya nuna cewa ra'ayin mutum ne aka sa wa riga ta lissafi.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta cikin maki sam. A 2025 iyakar albashin kowace ƙungiya dala miliyan 279.2 ce, kuma ita ce ta tsara bazarar 49ers fiye da duk wani bidiyo. Bayan kakar 2024 da suka ci wasa 6 suka sha kashi a 11, an miƙa Deebo Samuel ga Washington, Dre Greenlaw da Talanoa Hufanga suka tafi Denver, Charvarius Ward ya nufi Indianapolis, Aaron Banks ya koma Green Bay, a watan Mayu kuma Purdy ya rattaba hannu kan kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 265. Yaron da aka ɗauka na 262, na ƙarshe dungurungum a zaɓen 2022, shi ne a 2025 aka rage kowa don a biya shi. Duk guraben da suka buɗe a tsaron baya daga nan suka fito. Don fahimtar wannan ɓangaren sai na haɗa da Over The Cap, inda ake ganin nawa aka lamunce wa kowa da nawa ƙungiya za ta yi asara in ta sallame shi, kuma ba a biyan ko sisi a duba. Wanda aka lamunce wa kuɗi mai tsoka, ko aka kashe zaɓe mai daraja a kansa, ana yi masa haƙurin da ba a yi wa wani. Jake Moody, mai bugun ƙwallo da aka ɗauka a zagaye na uku a 2023, ya tsallake takara da Greg Joseph a sansanin 2025, sai ga shi an sallame shi bayan wasan farko na kakar a Seattle. A wannan gurbin PFF ba ta ƙara maka komai, domin ko yaro ya san ƙwallo ta shiga tsakanin turaku ko ba ta shiga ba.

Kada dai in mayar da kuɗi doka, don shi kansa Purdy ya karya ta. A 2022 an lamunce wa Nate Sudfeld dala miliyan 2, duk da haka aka sallame shi aka riƙe Purdy, yaron zagaye na bakwai, a matsayin kwatabak na uku. Lance ya karye a idon sawu a mako na biyu, Jimmy Garoppolo ya karye a ƙafa a watan Disamba a wasan Miami, Purdy ya shiga. Babu lambar da ta hango wannan. Shanahan da John Lynch, babban manajan ƙungiyar, abin da suka gani a atisaye suka bi.

Game da na'urar gwajin zaɓen 'yan wasa, abin nishaɗi ne a watan Afrilu, tana kuma koya maka sunayen yaran jami'a kafin a kira su. Kada dai ka ɗauki makin da take ba ka a ƙarshe da muhimmanci, domin jerinsu take auna ka da shi, in ka bi ra'ayinsu ka ci, in ka saɓa ka faɗi.

Wa ya kamata ya biya? Idan kana kallon wasa ne ranar Lahadi don ka ga tacdawun ka kashe talabijin, ka riƙe kuɗinka, rahotannin 'yan jaridar da ke zuwa sansani kullum sun ishe ka, kuma a kan abin da ya shafi atisaye sun fi PFF sani. Idan kuwa kai irina ne, mai zana jerin 53 ɗinsa a takarda yana gogewa, yana tunanin ko za a riƙe 'yan layin gaba tara ko goma, to akwai abin da za ka samu a nan da ba ka samu a wani wuri cikin sauƙi. Suna da tsarin biyan wata-wata da na shekara. Don takarar gurbi kaɗai, na wata ya wadatar: ka kunna a farkon Agusta, ka bi wasanni ukun nan, ka tsaya har ranar da za a rage jerin. Duk lokacin da ka buɗe wasa, fara da ginshiƙin tashin ƙwallo kafin ka kalli launin makin, kuma duk wanda bai shiga fili da yawa ba, ka ajiye lambarsa gefe har sai ka ga an gwada shi da 'yan sahun farko.