Demande manuscrite da lettre de motivation: me ya raba su, kuma yaya ake rubuta kowace?

Wata ƙanwarmu da ta gama lisansi a fannin noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi ta kawo tambaya. Sanarwa biyu ke hannunta. Ɗaya kwankur ne na shiga aikin gwamnati, an ce a kawo "demande manuscrite timbrée", wato takardar neman shiga da aka rubuta da hannu aka manna mata tambur. Ɗayar wata ONG ce, wato ƙungiya mai zaman kanta, ke neman mai wayar da kan manoma da za ta zauna Dakwaro, an ce a aiko ta imel da CV da "lettre de motivation", wato wasiƙar nuna dalilin da ya sa mutum ya cancanci aikin. Tana so ta san ko za ta iya tsara takarda guda, ta kwafe ta da hannu ta kai wa gwamnati, ta buga ta a kwamfuta ta aika wa ONG.

Ƙanwa, kada ki yi haka. Takardun nan biyu sun yi kama a ido, amma masu karanta su ba abu ɗaya suke nema ba. Wanda ke karɓar dosiye na kwankur yana duba ko kin cika sharuɗɗa ne: akwai tambur, akwai sa hannu, an rubuta wa wanda ya dace, takardun da aka lissafa duk suna ciki. Ba ya auna iyawarki daga demande, jarrabawa ce za ta yi wannan aikin daga baya. Shi kuwa mai tantance dosiye a ONG, babu wata jarrabawar da ke gaban lettre ɗinki. Da ita da CV zai yanke ko a kira ki ko a aje ki gefe, kuma sau da yawa tarin dosiye ne a gabansa don gurbi guda.

Mu fara da demande, don ita ce mai sauƙi. Ana rubuta ta a takarda mai layi mai faifai biyu, wadda masu shagon littattafai ke kira papier ministre, da bik shuɗi ko baƙi. Sama ta hagu sunanki cikakke, ranar haihuwa da wurinta, diplom ɗinki da lambar waya. Sama ta dama gari da kwanan wata. Ƙasa kaɗan sunan muƙamin wanda ake rubuta wa, daidai yadda sanarwar ta faɗa, kuma ki bincika ko mai riƙe da muƙamin mace ce ko namiji kafin ki sa "Madame" ko "Monsieur". Sai layin "Objet", inda za ki kwafo sunan kwankur ɗin da fannin da kike nema harafi da harafi. Jikin takardar layi biyar zuwa takwas ya isa: "J'ai l'honneur de solliciter de votre haute bienveillance mon inscription sur la liste des candidats au concours…", ki faɗi diplom ɗinki da shekarar da kika same shi, ki rufe da gaisuwar girmamawa da aka saba, ki sa hannu. A ƙasa ki jera takardun da kika haɗa. Ba a kawo labarin staj, ba a yabon kai, ba a bayanin dalilin son aikin.

Abin da ke kayar da mutane a nan ƙanana ne, amma ba a yi musu uzuri. Tambur ɗin da ake nufi na haraji ne, wanda ake saye a ofishin haraji, ba na gidan waya ba, kuma kuɗinsa sanarwa ce ke faɗa. Idan kika yi kuskure, kada ki shafa farin ruwan gogewa, ki ɗauko sabuwar takarda. Shi ya sa ake fara gwaji a wata takarda daban, kuma ba a manna tambur sai an gama an karanta. Kada ki ba wani mai kyan rubutu ya rubuta miki, domin an ce manuscrite ne don a ga hannunki, kuma rubutun da bai yi kama da sa hannunki ba yana jawo tambaya. Babbar matsalar ma ba a jikin demande take ba, a takardun da ke bayanta take. Casier judiciaire, wato takardar kotu da ke nuna ko an taɓa hukunta mutum, a kan so wanda bai wuce wata 3 ba. Kwafin diplom sai an buga masa hatimin tabbatarwa. Sannan ki baje takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa da diplom a kan tabarma ki kwatanta sunan da ke kansu: idan ɗaya ta ce Mahamadou, ɗaya ta ce Mahamane, ko ranar haihuwa ta bambanta, wannan gyara ne na hukuma da ke cin kwanaki, ba a yinsa ranar rufe karɓar dosiye. Idan kin miƙa, ki karɓi takardar shaidar ajiya.

Lettre de motivation kuwa ita ce ke son zama da tunani. Siffarta: bugun kwamfuta, shafi ɗaya na A4, girman harafi 11 ko 12, sakin layi uku ko huɗu, kalmomi kamar 250 zuwa 350. Idan ta tsallaka shafi na biyu, akwai abin da ya kamata ya koma CV ko ya fita gaba ɗaya. Da Faransanci za ki rubuta ta tunda da shi aka fitar da sanarwar. Gaskiya ne tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma Faransanci na nan cikin harsunan aiki, kuma ƙa'idar ita ce a amsa da harshen da aka yi kira da shi.

Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, ki buga sanarwar a takarda ki ɗauki bik. Ki ja layi ƙarƙashin ayyukan da za a ba wanda aka ɗauka da sharuɗɗan da aka gindaya. Galibi masu tantancewa suna da takardar maki da aka ciro daga wannan sanarwar: diplom maki kaza, shekarun aiki maki kaza, harshen yankin, tuƙin babur, iya cike bayanai a waya. Daga cikin abin da kika ja wa layi, ki zaɓi uku da suka fi nauyi waɗanda kike da hujja a kansu. Lettre ɗinki amsa ce ga waɗannan ukun, ba tarihin rayuwarki ba.

Sakin layi na farko gajere ne: wane gurbi, wace lambar sanarwa, ina kika gan ta, da jimla ɗaya da ke nuna kin san aikin da ƙungiyar ke yi a yankin. Ba a buɗewa da "J'ai l'honneur de solliciter de votre haute bienveillance". Wannan jimlar gidanta demande, idan ta shigo nan tana cinye layi biyu ba tare da ta faɗi komai ba. Sakin layi na biyu shi ne zuciyar takardar, kuma nan ne mafi yawan masu nema ke sakin hanya. Dubi waɗannan jimloli biyu. Ta farko: "Je suis une personne dynamique, motivée, rigoureuse et capable de travailler sous pression." Kusan kowace lettre da ke cikin tarin tana ɗauke da ita, kuma ba ta da abin da za a ba maki. Ta biyu, a ce kin yi staj a wani shiri na sassaben zamani, wanda ake kira RNA da Faransanci: "Durant six mois de stage dans le département de Mayahi, j'ai animé en haoussa des séances sur la RNA dans 8 villages et suivi 60 champs avec KoboCollect." A layi biyu mai karatu ya san inda kika yi aiki, tsawon lokacin, da wane harshe, gonaki nawa, da wace manhaja. Alƙaluman nan misali ne, ki sa naki na gaskiya, ko da ƙauye biyu ne da gona goma sha biyar. Ƙaramin adadi na gaskiya ya fi babban da za ki kasa karewa idan aka zaunar da ke gaban mutum uku ana tambaya.

Za ki ce ba ki taɓa aikin albashi ba. Wannan bai hana ki hujja ba. Binciken da kika yi don rubutun kammala lisansi aiki ne na fili idan kin shiga ƙauyuka kin yi hira da manoma. Staj aiki ne. Bautar ƙasa aiki ce. Riƙe littafin kuɗin asusun mata na unguwa, ko ƙidayar da aka ɗauke ki ta mako biyu, duk suna nuna an taɓa ba ki amana kin riƙe. Abin da ba a so shi ne ki kira staj "aiki" ki ƙara masa watanni, domin za a nemi attestation, wato takardar shaidar aikin, kuma ana kiran mutanen da kika bayar a matsayin shaida. Su ma ki sanar da su tun kafin ki sa lambarsu.

Sakin layi na uku ya taɓa abin da ke damun mai ɗaukar ma'aikaci a irin wannan gurbi, wato ko za ki zauna. Dakwaro ba cikin garin Maraɗi ba ce, kuma ƙungiyoyi sun sha ɗaukar mutum ya yi wata biyu ya ce iyalinsa ba su yarda ba. Idan kin riga kin yi shawara da gida kuma kin shirya zama can, ki faɗa a fili, ki faɗi ranar da za ki iya fara aiki. Idan kina jin Fulatanci ko Buzanci ko da na gaisuwa da ciniki ne, ki faɗi matakin da kike, domin arewacin jihar yankin makiyaya ne. Idan kina da lasin babur ki ambata, idan ba ki da shi kada ki ce kina da shi. Maganar albashi ba ta shiga sai in sanarwa ta nemi "prétentions salariales", wato albashin da kike so.

Akwai abu guda da muke roƙon ƴan'uwa su daina sawa a lettre: kukan halin gida. "Ni marainiya ce", "ni ce babba a gidanmu", "ku taimake ni saboda Allah". Mun san halin da ake ciki, kuma ba ƙarya ake yi ba. Amma wanda ke tantancewa ba shi da gurbin da zai sa wa tausayi maki, sai ma ya ga kamar ba ki da abin nunawa ne. A al'adarmu yabon kai jahilci ne, shi ya sa da yawa ke jin nauyin faɗin abin da suka iya. Faɗin cewa kin bi gonaki 60 ba yabon kai ba ne, bayani ne, kuma in ba ki faɗa ba babu mai faɗa miki.

Wajen kuskure ma takardun biyu sun bambanta. Demande tana faɗuwa kan abin da ya ɓace, lettre tana faɗuwa kan abin da aka aro. Wanda ya je sibar aka buɗe masa tsohuwar lettre ta wani aka canza suna, sau da yawa sunan wata ƙungiyar ko wani gurbin yana nan maƙale a tsakiya, kuma da an gan shi magana ta ƙare. Haka wadda aka sa manhajar waya ta rubuta daga farko har ƙarshe: Faransanci sumul, amma babu sunan ƙauye ko ɗaya, kuma ranar ganawa sai a ji bakin mai ita bai kai na takardar ba. Ki rubuta da kanki, ki ba wani malami ko wanda ya daɗe a aiki ya duba miki nahawu. Ki kula da daidaita jinsi, tunda ke mace ce: "motivée", "diplômée", "née". Kuskuren nan shi ke fara tona lettre da aka kwafo daga ta namiji.

Isarwa ma daban. Demande hannu da hannu ake kai ta cikin dosiye, a wurin da sanarwa ta faɗa, kafin sa'ar rufewa. Lettre ki mayar da ita PDF, kada ki aika Word don tsarinta na iya wargajewa a wata kwamfutar, kada kuma ki ɗauki hotonta da waya. Sunan fayil ya zama sunanki da na gurbin. A layin "Objet" na imel ki sa abin da aka ce a sa daidai, domin wasu da shi suke rarraba saƙonni, wanda bai dace ba ba ya isa inda ake so. Adireshin imel ɗinki ya kasance da sunanki, ba laƙabin ƙawaye ba. Idan an iyakance nauyin fayil, ki rage shi. Kada ki jira daren ƙarshe, kin san halin wuta da rezo. Idan sanarwar ta nemi katin ANPE, hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, ki je ofishinsu da wuri ki yi rajista ko ki sabunta. Duk wanda ya ce ki tura kuɗi ta waya kafin a duba dosiyenki a ONG, ki tsaya, ƙungiyar kirki ba ta sayar da gurbi.

Wani lokaci za ki ga an rubuta "lettre de motivation manuscrite". Nan abin da ke ciki na lettre ne, hujja da alƙaluma, rubutun ne kawai na hannu, a farar takarda, ki sa mai layi a ƙarƙashi don rubutun ya miƙe. Idan kuma an nemi demande da lettre duka biyu, kowace ta tsaya a matsayinta, kada ki maimaita ɗaya cikin ɗaya.

Tunda sanarwa biyu ke gabanki lokaci guda, ki fara da takardun kwankur gobe da safe, domin casier da hatimin tabbatarwa ba a hannunki suke ba, sai yadda layi ya kama. Demande kanta rabin awa ta ishe ta, ki bar ta sai takardun sun kammala don ki jera su daidai a ƙasanta. Lettre ki ba ta yamma biyu: ta farko ki ja layi a sanarwa ki rubuta, ta biyu ki karanta da ƙarfi, ki cire duk jimlar da wata ƴar ajinku za ta iya sa wa hannu ba tare da ta canza komai ba.