Rufe dandali ko cin sa tara?

Hanyoyi biyu Najeriya ta gwada wajen ladabtar da manyan kamfanonin sada zumunta. Ta farko toshewa. A watan Yunin 2021, bayan Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, gwamnati ta rufe shi har zuwa Janairun 2022. Masu tallar atamfa da turare ta intanet da 'yan jarida su suka ji a jikinsu, masu dabara kuwa suka sauke VPN, manhajar da ke kauce wa toshewa, suka ci gaba da harkarsu. Daga baya Kotun ECOWAS ta ce matakin ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki.

Ta biyu cin tara. A Yulin 2024 hukumar FCCPC, mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, bisa laifuffukan da suka haɗa da sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, aka tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. A nan an yi bincike, an ji ta bakin wanda ake tuhuma, kuma ba a katse wa kowa layi ba.

Ni dai na fi karkata ga tara, amma da sauran rina a kaba. Kuɗin bai kai kuɗin shigar da Meta ke samu a rana guda ba. Kuma tara baitulmali take shiga, wanda aka kwashi bayanansa ko sisi ba ya gani.