Tura tallafin noma kai tsaye cikin asusun manomi: inda ya yi kyau da inda yake tuntuɓe

Tura wa manomi kuɗin tallafi cikin asusunsa ya fi tsohon tsarin rabon taki a buhu nesa ba kusa ba, amma ga wanda sunansa ya shiga rajista daidai. Wanda aka tsallake, sai dai ya ji labari.

Babban misali shi ne shirin PM-KISAN na Indiya da aka ƙaddamar a 2019. Iyalin da ke da gona na samun rupi 6,000 a shekara, kashi uku, 2,000 duk wata huɗu. Manomi zai yi rajista da lambar shaidarsa ta Aadhaar, jiha ta nemo sunansa a kundin filaye, a ɗaura lambar da asusun banki, sai kuɗi su faɗo. Babu dillali a tsakani, babu ɗan kwangilar da zai karkatar da tirela. Nan kam tsarin ya ci yabo.

A kundin filayen ne ake samun cikas. Gonar gado da har yau take da sunan kaka, jikoki na nomawa, biya kan tsaya sai an gyara takarda, gyaran kuwa kan ci watanni. Mai noman haya shi ke sayen iri, shi ke biyan 'yan ƙodago, amma wayar mai takarda ce ke ƙara, ko da yana zaune a birni. Matan da ke noma filin miji su ma haka. Ƙananan kurakurai ma suna tsayar da biya: harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunan da ke katin shaida da na banki, ko banki ya dakatar da asusu saboda an daɗe ba a taɓa shi ba. Kwamfuta ba ta san uzuri ba, mayar da kuɗin kawai take yi, sau da yawa manomi bai ma sani ba sai ya je cira.

Sai maganar lokaci. Malawi ta bi wata hanya a 2005, takardar sayen taki buhu biyu masu kilo 50 da iri a farashi mai rahusa. Wannan ya fi tabbatar da cewa tallafin ya shiga gona, sai dai takin da ya iso bayan masara ta fitar da fure ya yi latti, don tana son yuriya ne cikin mako uku zuwa shida da shuka. Tsabar kuɗi ma ba ta tsira ba: in ta zo lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tukunya za ta shiga, kuma ba laifin kowa ba ne. Ga shi adadin ba ya bin tsadar kaya. A Indiya shekara biyar bayan farawa yana nan a 6,000.

Mai shirin shiga irin wannan tsari ya fara da takardunsa tun rani. Ya jera katin shaida, takardar gona da ta banki, ya duba rubutun sunan harafi-harafi. Ya riƙa motsa asusun ko da ɗan kaɗan ne, kada kuma ya sauya lambar wayar da ya bayar. Idan kashi ɗaya ya wuce shiru, ya je wurin malamin gona da takardar shaidar rajista kafin a rufe jerin kashi na gaba.